Amsa ga amaryar da ke son yin miyar ganye da eya-firaya

Wa'alaikumus salam amarya, Allah Ya sanya alheri, Ya ba da zaman lafiya. Na ga tambayarki tun da hantsi, cewa an sa miki eya-firaya, wato na'urar gashin nan ta lantarki mai kwando, cikin kayan kicin, kin kuma ga bidiyon wata Baturiya tana haɗa miyar kayan lambu da ita, shi ne kike son sanin ko za ki iya zuba komai a ciki, ruwa da kabewa da alayyahu, ki danna ki tafi ki dawo ki tarar da miyar taushe. Na ga wasu 'yan uwa sun ce ki mayar da ita kwalinta, wai ba ta da wani aiki sai suyar dankali da kaza. Kada ki mayar. Amma kuma kada ki zuba mata ruwa.

Idan kin zaro kwandon kika leƙa sama, za ki ga ƙarfe a nannaɗe kamar na risho mai wuta, bayansa kuma akwai fanka. Ƙarfen yana yin zafi, fankar tana hura zafin da ƙarfi ya zagaye abin da ke cikin kwando. Shi ke nan aikinta, ƙaramar oben ce mai iska. Kamfanin Philips ne ya fara fito da ita a 2010 a wani baje koli a birnin Berlin na Jamus, kuma tun daga lokacin ba a yi ta don dahuwar ruwa ba. Kwandon ma a huhhuje yake. Ko kin sa kwano a ciki kin zuba romo, daga sama zafin yake zuwa, sai saman ya bushe ya yi fata, ƙasan bai ko tafasa ba, ga iska tana fantsama ruwa jikin ƙarfen wuta. Akwai wasu manyan tukwane na lantarki masu murfi biyu, ɗaya na dahuwa ɗaya na gashi, waɗannan kam za su yi miki duka biyun. Idan taki mai aljihu ce da ake zarowa, irin wadda ta cika shagunan nan, to gashi kawai za ta yi miki, miya tana tukunya.

Gashin nan kuwa shi ne abin da ya sa ban yarda a raina ta ba. Kin san wahalar miya ba a ganye take ba, a kayan miya take. Ki markaɗo tumatir da tattasai, ki ɗora, ki tsaya kina jira ruwan ya tsotse, yana tartsatsi yana ɓata miki bango da gaban riga, gas yana ta tafiya, ƙarshe ki jefa kanwa don tsami ya mutu, launin miya ya dushe. Tumatir kusan dukansa ruwa ne, sama da kashi 90 cikin 100. A tukunya, muddin akwai ruwa, zafi ba ya wuce digiri 100, don haka kayan miya dahuwa kawai suke yi. A eya-firaya zafin yana kai 180 zuwa 200, ruwan yana fita, gefen tumatir da albasa yana yin ja-ja, zaƙinsu yana fitowa, tsamin yana kwantawa ba tare da kanwa ba. Tsofaffinmu da ke tura tattasai da albasa cikin garwashi kafin su jajjaga, abin da suke nema ke nan.

Ga yadda nake yi idan taushe zan yi na gidan mutum huɗu ko biyar.

Tumatir guda shida zuwa takwas masu tauri, irin dogayen nan na noman rani da ake kawowa daga Danja ko Ajiwa, sun fi masu ruwa kyau a gashi. Ki raba kowanne biyu a tsaye, ki jera su cikinsu yana kallon sama don kada ruwan ya tsiyaye. Tattasai huɗu, ki tsaga ki cire 'ya'yan. Albasa babba guda, ki raba huɗu, kada ki yayyanka ta sirara, ƙonewa za ta yi ta yi ɗaci. Tafarnuwa ki bar ta cikin ɓawonta. Ki zuba man gyaɗa cokali ɗaya da ɗan gishiri a roba, ki cakuɗa su da hannu har kowanne ya ɗan yi ƙyalli. Manja ki ajiye shi sai a tukunya, a nan ciki hayaƙi yake yi. Ki kunna na'urar ta yi minti 3 babu komai, sannan ki zuba, ki sa a 190.

Ba lokaci guda suke nuna ba, nan ne mutane ke samun matsala. Tattasai da tafarnuwa wajen minti 10 zuwa 12 sun yi, ki zaro ki kwashe su. Albasa ta ƙara minti 3 ko 4. Tumatir yana kai 18 zuwa 20. Kada ki dogara da agogon kaɗai, don na'urorin ba ƙarfinsu ɗaya ba, ki duba da ido. Tumatirin da ya yi za ki ga ya yamutse ya zauna, bakinsa ya yi duhu, ɗan ruwan da ya rage a tsakiyarsa ya yi kauri yana ɓulɓula a hankali. Tattasai kuma fatarsa ta kumbura ta yi ɗigo-ɗigon baƙi, ya yi laushi har ba ya iya tsayuwa a cokali. Da zafinsa ki zuba shi a kwano ki rufe minti 10, gumin zai sa fatar ta saɓule da yatsa biyu. Baƙin da ya yi yawa ki cire, kaɗan ki bari, shi ne ƙamshin.

Attaruhu kuwa ki yi hattara da shi. Minti 5 ya ishe shi, a ƙarshe za ki jefa shi, ki kuma buɗe taga, don iskar da ke fita ta bayan na'urar da yajinsa take fita, duk gidan sai an yi tari da atishawa, har yaran maƙwabta. Ni sau da yawa ma ɗanye nake jajjaga shi in zuba a tukunya.

Kada ki cika kwando. Idan kin tula su kan juna iska ba za ta ratsa ba, turara za su yi, ki ɓata wuta a banza. Gara ki yi zubi biyu. Sannan idan kin gama, ki ɗaga kwandon ki duba ƙasan aljihun, akwai ɗan ruwa ja mai maiƙo da ya taru. Kada ki wanke shi, ki juye a cikin miya.

Kabewa ita ce zubi na biyu. Ki fere, ki yanka ta ƙanana kamar girman ƙwallon goro, ki shafa mai kaɗan, minti 18 zuwa 20 a 190, ki girgiza kwandon idan an yi rabi. Ta nuna idan cokali ya shige ba gardama. Amma ga wani abu da na lura: gasasshiyar kabewa ba ta narkewa da kanta a miya kamar dafaffiya, saboda gefenta ya bushe. Sai kin dame ta da ludayi ko kin haɗa ta a markaɗe. Shi ya sa nake raba ta biyu, rabi a gasa don ɗanɗano, rabi in jefa cikin nama tun farko ta dahu ta narke ta ba miya jiki. Gyaɗa ma tana soyuwa a ciki, a 160, minti 8 zuwa 10, kina girgizawa. Ki sauke ta tun tana da ɗan haske, domin tana ci gaba da soyuwa bayan an juye ta. Ta huce, ki murje, ki fece, ki daka.

Duk wannan yana faruwa ne nama yana kan wuta. Ƙashi ko naman rago ko tantaƙwashi, da albasa da daddawa da citta da masoro da gishiri, ya dahu ya ba ki romo. Wannan ba shi da wata gajeriyar hanya. Za ki iya gasa kaza a na'urar ki tsoma a miya daga baya, amma romo sai tukunya. Idan kin gasa ɗanyen nama ko kaza, ki wanke kwandon kafin kayan lambu su shiga.

Kayan miyan su ɗan sha iska kafin ki markaɗa. Idan kika rufe su da zafi a bilenda, tururi yana cilla murfin sama, ya ƙona hannu. Ni turmi na fi so a nan, sun yi laushin da bugu kaɗan ya ishe su, kuma taushe ta fi kyau da ɗan gari-gari. Ki matse tafarnuwar daga ɓawonta ki haɗa. Sai ki zuba manja ko man gyaɗa a tukunya, ki soya jajjagen minti 5 kacal, tunda babu ruwan da za a jira. Ki juye romo da nama, ki sa kabewa, ki dama gyaɗa da ɗan romo ki zuba, ki sa dunƙule, ki rage wuta ta yi ta tafasa a hankali har mai ya taso, wajen minti 10 zuwa 15. Ki riƙa juyawa, gyaɗa tana kama gindin tukunya.

Ganye ko kusa kada ya shiga eya-firaya. Alayyahu, zogale, rama, yakuwa, ugu, duk ba su da nauyi, fankar tana ɗaga su ta manna a jikin ƙarfen wuta, su ƙone su cika miki kicin da ƙauri. Haka ma takardar gashi idan babu abinci a kanta da zai danne ta. Ganye a tukunya yake shiga, a ƙarshe: yakuwa tukuna, bayan minti 2 ko 3 alayyahu da lawashi, ki ba su minti 3 zuwa 4 ki sauke tun suna kore. Kuɓewa ma kada ki gasa idan miyar yauƙi kike so, gashi yana kashe yauƙin.

Abin da zan ja hankalinki a kai, wanda bidiyon Turawa ba zai faɗa miki ba, shi ne zaƙi. Gashi yana ƙara wa albasa da kabewa da tumatir zaƙi sosai. Su Turawa abin da suke so ke nan, mu kuwa miyar da za a ci da tuwon shinkafa ko waina idan ta cika zaƙi gundura take yi, loma biyar mutum ya tsame hannu. Don haka ki ƙara yakuwa fiye da yadda kika saba, kada kuma ki yi rowar daddawa. Wata dattijuwa a gidanmu da ba ta yarda da duk abin da ake jonawa a bango ba, ranar da ta ɗanɗana sai ta riƙe cokalin ta ce, "Wa ya hura gawayi?" Da aka nuna mata na'urar ta taɓe baki, ta ce a ƙara mata daddawa. Gaskiyarta ce kuma.

Idan irin ta bidiyon kike so, wadda ake sha da cokali da burodi, ita ta fi sauƙi. Karas, kabewa, dankalin Turawa, albasa, tumatir biyu, ki gasa su, karas da dankali suna ɗaukar minti 15 zuwa 20 gwargwadon yanka. Ki markaɗa da romon kaza har ta yi sumul, ki tafasa minti 5 da citta da masoro. Tana da daɗi da sanyin hunturu da lokacin buɗa baki, da kuma ga mai jinya da bakinsa ba ya son mai. Sai dai kada ki ajiye wa maigida ita a matsayin abincin dare ba tare da wani abu mai nauyi a gefe ba, zai tambaye ki ina tuwon.

Sai batun wuta, tunda duk a Katsina muke. Ki duba ƙasan na'urar ko bayanta, an rubuta ƙarfinta, yawanci tsakanin wat 1,200 da 1,800. Ƙaramin janareta na fitila da fanka ba zai ja ta ba, inbata ƙarama ma haka. Ki jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, kada ki bi ta wayar jone mai arha, narkewa take yi. Mai wat 1,500 idan ta yi rabin awa ba ta cin yunit ɗaya cikakke a mita, wanda a ganina ya fi ƙona gas wajen tsotse ruwan tumatir. Ki bar mata tazara da bango kamar tafin hannu, saboda zafin da take fitarwa ta baya. Idan an ɗauke wuta kina tsaka da gashi ba asara ba ce, ki juye a kasko busasshe ki ƙarasa a kan gas ko kurfoti.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce ba na jira sai ranar miya. Duk sa'ad da wuta ta zauna, musamman daga Disamba zuwa Maris da tumatir ke araha a 'Yar Kutungu da Babbar Kasuwa, sai in gasa zubi uku ko huɗu, in markaɗa, in ƙulla a ƙananan robobi gwargwadon miya ɗaya-ɗaya. A firji kada ya wuce kwana 3 ko 4. A firiza yana daɗewa, amma idan firizarki tana narkewa tana sake daskarewa, gara ki soya shi da mai sosai ki yi amfani da shi da wuri.

Kuma kada a ruɗe ki, idan gidan yawa ne, ko taron suna, ko 'yan uwan miji sun zo daga Daura mota guda, kwandon lita 4 ko 5 ba zai kai ki ko'ina ba. Ranar ki ɗora babbar tukunya kamar kowa.

Wajen wanki, ki bari ta huce, ki jiƙa kwandon da ruwan ɗumi da sabulu, ki wanke da soso mai laushi. Soson ƙarfe da cokali mai yatsu suna kankare baƙin shafen da ke hana abinci kamawa, idan ya fara ɓarewa kuma ba ya gyaruwa. Ruwan tumatir yana da tsami, kada ki bar shi ya kwana a ciki. Ki rubuto mana lita nawa ce taki da wat ɗin da ke jikinta, sai in faɗa miki yawan tumatirin da zubi ɗaya zai ɗauka.