Tambaya da Amsa: Ina so in ajiye acaɓa in koma makaranta, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya jama'a. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Ringim, shekarata 36, mata ɗaya yara biyar. Da damina noma nake, da rani acaɓa, to gaskiya jiki ya fara gajiya, bayana kullum ciwo ga kuɗin mai ya cinye ɗan abin da ake samu. Na gama sakandare tun 2008, na ci Bayoloji da Fiziks da Hausa amma Turanci da Lissafi da Kemistiri suka kayar da ni, sai na watsar da karatun. Tun ina yaro burina in zama malamin asibiti, garinmu ma'aikacin lafiya ɗaya ne, in ya tafi gida shi ke nan sai dai a ɗauki mara lafiya a babur. Wani ya ce in sayar da babur ɗina in kawo kuɗi akwai makarantar kiwon lafiya ta kuɗi da za ta ɗauke ni ko ba rizal. Abokai kuma sai tsiya suke min wai zan zauna aji ɗaya da sa'annin 'ya'yana. Don Allah a ba ni shawara.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya cika maka burinka. Kafin komai, don Allah kar ka sayar da babur ɗin nan. Duk makarantar da ta ce za ta ɗauke ka karatun lafiya ba tare da ka cika kiredit ba, to kuɗinka kawai take so, domin akwai hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya na matakin farko rajista a ƙasar nan, CHPRBN, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe kuma ita ke ba da lasisi, in takardunka ba su cika ba ko makarantar ba ta da amincewarta sai ka gama shekarunka ka fito da satifiket ɗin da ba wanda zai karɓa. Wannan abu yana min ciwo wallahi, don waɗanda ake yi wa haka yawanci irinku ne, mutanen karkara masu kyakkyawar niyya da suka tara kuɗin da guminsu.

Gyaran rizal ne a gabanka yanzu, kuma bai kai yadda kake tsoro ba. Sakamakonka na 2008 bai mutu ba, rizal ba ya tsufa. Makarantu da yawa suna karɓar zama biyu, wato ka haɗa na da da na yanzu su ba ka kiredit biyar ɗin da ake nema, Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar 'yan waje, wadda aka fi sani da GCE, ba sai ka sa yunifom ka koma aji ba. Ta NECO a wajen Nuwamba da Disamba ake yi, ka ga ta faɗo bayan an kawar da amfanin gona, sai dai rajista tun kafin nan ake buɗewa, saboda haka kuɗinta ka fara ajiyewa tun yanzu. Ni da za ka ji tawa, ko waɗanda ka ci ma ka sake zana su, don shekara goma sha da ka yi ba ka buɗe littafin Fiziks ba za ta nuna kanta a aji. Kuma a irin wannan jarrabawar ba a shiga ɗakin gwaje-gwaje, firaktikal ɗin ma a takarda ake amsa shi, to sai ka nemi tsofaffin takardun tambayoyi ka yi ta bi. Ka samu malamin sakandaren da ke kusa da ku, ko wani yaro mai ƙoƙari da ya gama kwanan nan, ku shirya zama bayan isha'i kana ɗan ba shi na sabulu. Lissafi da Kemistiri ba sa karantuwa kai kaɗai a ɗaki, suna son wanda zai zauna da kai.

In rizal ya fito, a jiharku ta Jigawa akwai kwalejin kimiyyar lafiya ta gwamnati a Jahun, ka je da ƙafarka ofishin ɗaukar ɗalibai ka tambaya, ban da ɗan tsakiya. Kwas ɗin JCHEW, wato na ƙaramin ma'aikacin lafiyar al'umma, shekara 2 ne, CHEW, na gaba da shi, shekara 3, wasu makarantun kuma sun koma tsarin ND da HND, wato difloma da babbar difloma, wanda ta JAMB ake shiga. JAMB ba ta hana babba rubutawa, amma sai da lambar NIN kuma a kwamfuta ake yi, don haka ka duba tun wuri sunanka da ranar haihuwarka na NIN su yi daidai da na rizal, wannan ƙaramin abu ya tsayar da mutane da yawa. Ka kuma shiga shagon kwamfuta a Ringim ka saba da riƙe linzami kafin ranar.

Inda nake so ka nutsu sosai shi ne maganar gida. Karatun lafiya ba na ƙarshen mako ba ne, kullum ne, ga turawa asibitoci koyon aiki, wato shekara biyu ko uku acaɓarka za ta ragu ƙwarai alhali bakuna shida suna jiran abinci. Ka zauna da maiɗakinka ku yi lissafi na gaskiya, buhu nawa na gero da dawa ke kai ku shekara, riɗi ko zoɓorodo nawa za a ware don kuɗin makaranta, wa zai riƙe gona in damina ta same ka a aji. Babur ɗin ka ba ƙaninka ko wani amintacce yana kawo balas, shi ne zai riƙe cefane. Akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, ba ruwa a kai, in ka samu gurbi ka tambaya ko makarantar tana ciki.

Ba zan ɓoye maka ba, gama karatu ba shi ne samun albashi nan take ba, da yawa sai sun yi aikin sa-kai a asibitin garinsu kafin a ɗauke su. Amma lissafa ka gani, shekara ɗaya gyaran rizal, uku karatu, kana da 40 ka fito, ritaya a yawancin aikin gwamnati sai 60. Ga garinku da ke buƙatar ɗan gari wanda zai kwana a cikinsa. Tsiyar abokai kuwa, gemu ba ya hana ilimi, kuma wata biyu ka yi a aji yaran nan Baba za su riƙa ce maka suna kawo maka ƙararsu.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Bichi, shekarata 31, a aji uku na ƙaramar sakandare aka min aure. Ɗinki nake amma ido ya fara ba ni matsala, ina sha'awar koyarwa a firamare. Na yi nisa a Islamiyya. Akwai hanya kuwa?

AMSA: Akwai hanya 'yar'uwa, sai dai ta ɗan fi ta mai tambayar farko tsawo. Jihar Kano tana da Hukumar Ilimin Manya tun 1980 zamanin Abubakar Rimi, kuma tana da azuzuwan mata, ki sa maigida ya raka ki sakatariyar ƙaramar hukuma ku tambayi jami'in ilimin manya inda ajin da ya fi kusa da ku yake. Rakiyar nan tasa tana da amfani, in da shi aka fara ba zai ga kamar an yi abu a bayansa ba ranar da karatu ya hana girki fitowa da wuri. In kin kammala karatun babbar sakandare sai ki zana NECO ta 'yan waje, tunda kuma kina da ƙarfi a Arabiyya ki tambaya game da jarrabawar NBAIS, wato ta hukumar karatun Arabiyya da addinin Musulunci, ita ma ana shiga manyan makarantu da ita.

Koyarwa a firamare sai da NCE, wato takardar shaidar malanta, daga nan a yi rajista da TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista. Ga kwalejin ilimi ta tarayya nan a Bichi kusa da ke, shekara 3 ne, in kuma zuwa kullum zai yi wuya da yara to NTI ta Kaduna, wato cibiyar horar da malamai ta ƙasa, tana da cibiyoyi da ake karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu, ta fi daɗewa amma ba ta raba ki da gida. Idon nan kuma ki je asibiti a duba shi tun yanzu, don karatun ma da shi za ki yi.