Amsa: Faifan CD-R zai kai shekara 20?

Malam, ka tambaya ko faifan CD-R da ka ɗora wa hotunan biki da karatun Alƙur'ani zai kai shekara 20. Zai iya, amma sai faifan na da kyau kuma ka iya ajiya.

Faifan CD-R, wato wanda ake ɗora wa abu a kwamfuta, daban yake da wanda kamfani ya buga da abu a cikinsa. Rini ne a cikin CD-R, hasken na'ura ke ƙona shi ya bar alama, rana da zafi kuwa suna cin rinin nan sannu a hankali. Na taɓa mantawa da wani a gaban mota cikin zafin Afrilu, kafin sati ya zagayo ya soma sarƙewa a waƙa ta uku.

Ga abin da yawancinmu ba mu lura da shi: a CD, saman da ake rubutu ya fi ƙasan hatsari, don bayanan suna dab da shi. Ƙarzanar ƙasa takan gyaru, ta sama kuwa sai haƙuri. Saboda haka ban da biro, nemi alƙalamin maka (marker) mai taushin baki. In ƙurar hunturu ta hau, goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada ka bi zagaye.

Wajen ɗorawa rage gudun na'urar, gudun 16x ya isa, kuma kada ka cika 700MB ɗin da faifan ke ɗauka maƙil. Ni faifan kamfanin Verbatim mai irin rinin da ake kira AZO nake saya. Yi kwafi biyu, kowanne cikin gidansa a tsaye, ɗaya ka kai gidan ɗan'uwa.