Amsa ga mai neman hedifon ɗin situdiyo: M50x, DT 770 ko 7506?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun daren jiya na ga tambayarka, ba mu da wuta ne kuma cajin wayata ya yi ƙasa, shi ya sa sai yanzu. Ka ce ka kama ɗaki a Unguwar Rogo, nan Jos, bakin titi, kana da kwamfuta da Scarlett Solo (na'urar da ke haɗa makirfo da hedifon da kwamfuta) da makirfo ɗaya, kuɗin da ya rage maka na hedifon ɗaya ne tak. Kana son sanin wanne ya fi sauti tsakanin ATH-M50x da DT 770 Pro da Sony MDR-7506, kuma da shi za ka ɗauki murya, da shi za ka yi miksin, wato daidaita murya da kiɗa bayan ɗauka. Na ga wasu sun ce kawai ka sayi M50x ka huta. Ba su yi ƙarya ba, sai dai sun yanke maka zance. Duka ukun sun daɗe a hannuna, biyu ma suna rataye a ƙusa a bayana yanzu haka.

Maganar "wanne ya fi sauti" ita ce ta taɓa cinye min kuɗi, don haka bari in fara da ita. Daɗin ji daban, gaskiya daban. Duka ukun masu rufaffen baya ne, irin wannan hedifon kuwa an yi shi ne don kada kiɗan da mawaƙi ke ji ya tsiyaya ya shiga makirfo, kuma kada hayaniyar waje ta dame shi. Amma da yake iskar da ke cikin kofin ba ta da mafita, sautin yana dukan bango ya dawo, sai kowane kamfani ya yi dabararsa ta shawo kan abin. Shi ya sa kowanne da irin son zuciyarsa: wani ya ƙara gishiri a bes, wato sauti mai kauri na ƙasa, wani a kaifi. Babu waliyyi a cikin ukun nan.

Sony 7506 shi ne dattijon. Tun 1991 ake yin sa, kusan bai sauya kama ba, ohm 63 (ohm in ya yi yawa, hedifon ya fi buƙatar wuta kafin ya yi ƙara), mara nauyi, yana naɗewa ya shiga jaka. In ka taɓa ganin masu ɗaukar sauti a wurin shirin fim ko gidan rediyo, da wuya ba ka gan shi a wuyan wani ba. Halinsa shi ne tona asiri. Yana turo murya gaba, musamman wurin da "s" da "sh" da "ts" suke fita. Akwai ranar da wani malami ya zo ɗaukar karatu a wurina, muka yi kusan minti 40, ni ina sauraro da M50x, komai lafiya lau. Da dare na zo tacewa na ɗora 7506, sai ga wani ƙas, ƙas, ƙas a ƙarƙashin muryar, ba ya tsayawa. Na duba igiyoyi, na zargi inji, na zargi kujera. Ashe carbi ne, Malam yana ja a hannun hagu, daidai saitin ƙafar makirfo. Da na koma M50x na kasa kunne sai na ji shi, amma a lokacin ɗauka ya ɓuya mini. Irin aikin 7506 ke nan: numfashi, motsin leɓe, kukan firijin maƙwabci, duk zai kawo maka su a faranti. Inda ya gaza shi ne bes na can ƙasa, yana nan amma ba ya girgiza ka, kuma in ka wuce awa biyu da shi kunne yana gajiya da kaifin. Igiyarsa mai murɗe-murɗe ce, ba ta cirewa, tana da ɗan nauyi, in mawaƙi mai rawar kai ne za ta riƙa jan sa.

M50x kuwa ɗan gayu ne. Ya fito a 2014, lasifikar cikinsa milimita 45, ohm 38, ko a wayar hannu ka sa shi zai yi ƙara. Igiyarsa na cirewa, uku ma ake sako maka a kwali, wanda ba ƙaramin abu ba ne a situdiyon da yara ke taka waya kullum. Bes ɗinsa yana da naushi, ganga tana dukan ƙirji, mawaƙi na sa shi zai fara gyaɗa kai yana jin kansa ya iso. Wannan yana da amfani, domin wanda ya ji daɗin muryarsa ya fi sakin jiki. Amma kayan kiɗa suna cunkushewa a tsakiyar kai, kamar fasinjojin keke, ba ka jin fili tsakanin piyano da kalangu da 'yan amshi. Haɗarinsa a miksin kuma: za ka ji bes ya ishe ka alhali bai isa ba, ka rage, waƙa ta fita waje a rame.

DT 770 Pro, na Jamus, shi na fi so in zauna da shi, kuma a kansa na fi yin kuskure. Soson kunnensa kamar karan-miski yake, kofin babba, kunne yana shiga ciki gaba ɗaya. A sanyin Jos na Disamba har ɗumi yake ba ka, kuma ko a zafin Abuja na watan Maris bai jiƙa kunne da gumi kamar masu fatar roba. A cikin ukun shi ya fi fili, kana iya nuna inda kowane kayan kiɗa yake zaune, bes ɗinsa kuma yana sauka ƙasa sosai. Sai dai tsakiyar sauti, inda jikin murya yake, ta ɗan ja baya, sannan can sama wajen 8 kHz, inda sauti mai kaifi yake, akwai tsini. Farkon sayena na yi miksin wata waƙar biki da shi. Duk inda mawaƙiyar ta ce "amarya ta sha kyau" ko "tsaya", sai in ji kamar allura a kunne, na bi su ɗaya bayan ɗaya na danne. A kunnena ta yi sumul. Ranar kamu aka sa ta a manyan lasifiku, ina tsaye a baya wajen masu raba lemo, sai na ji murya kamar ta rufe baki da mayafi tana waƙa. Ba wanda ya ce min komai, amma uwar amarya ta sa mai kiɗa ya sauya waƙa tun ba a kai rabi ba. Laifina ne, ban san halin abin da na saya ba na hau aiki da shi. Yanzu in "s" ta ɗan soke ni a DT 770, na san daidai take, in bar ta.

In shi ranka ya kwanta da shi, ka lura da lambar da ke jikin kwali. Yana zuwa a ohm 32 da 80 da 250. Solo ɗinka daga USB yake shan wuta, saboda haka 80 za ka ɗauka. Mai 250 zai yi magana, amma ranar da mawaƙi ya ce "oga ƙara min kaɗan" za ka tarar ka riga ka murɗe maɓallin har ƙarshe.

Tunda ɗakinka bakin titi yake, ga wanda ba ka ambata ba: Sennheiser HD 280 Pro, ohm 64. Kamfanin ya ce yana rage hayaniyar waje har zuwa desibel 32, kuma gaskiya in ka sa shi hon ɗin keke yana komawa kamar daga wata unguwa. Sautinsa ba shi da kwalliya, ba zai burge ka a shago ba. Yana kuma matse kai kamar sabuwar hula, mai babban kai irina ba ya wuce awa ɗaya da shi.

Wani abin da ba za ka gani a bidiyon Turawa ba, duk wannan bes da ake cika baki da shi ya dogara ne da soso ya manne da fata. Ƙafar tabarau, gefen hula zanna, ɗaurin ɗankwali da ya rufe rabin kunne, kowanne yana buɗe 'yar kafa, bes ya gudu, kiɗa kuma ya zubo cikin makirfo. Maza ina roƙonsu su cire hula. Mata kuwa ba a cewa su cire, sai dai a ce su ɗan gyara ɗauri, ko a ɗora a kan siririn hijabi a rage ƙarar kiɗan. Akwai kuma masu zare kunne ɗaya don su ji muryarsu a fili, musamman masu kasida da suka saba da mandiri. Kada ka yi musu da su, ka tura kiɗan gaba ɗaya zuwa kunnen da ke rufe, ɗayan ya yi shiru. Soson mai laushi na DT 770 ya fi na fata yoyo, in mawaƙiya mai son ƙara ce za ka ji kiɗan a bayan muryarta duk inda ta yi shiru.

In za ka gwada a shago, kada a yaudare ka da ƙara. Kunnen ɗan Adam duk abin da ya fi ƙarfi shi yake ɗauka ya fi kyau, kuma bes yana ƙara fitowa in aka ɗaga sauti. M50x zai fi DT 770 ƙara a maɓalli ɗaya, ba don ya fi shi ba. Daidaita su da kunnenka tukuna. Tafi da waƙoƙi uku da ka haddace kamar Fatiha, ɗaya ta kasance mai kalangu, domin kalangu yana hawa yana sauka, yana nuna maka inda hedifon ya kumbura da inda ya rame. Sa'annan jabu sun cika kasuwa, musamman 7506 da M50x, kwali da tambari duk iri ɗaya. Ni ma an taɓa sayar min a wani shago, araha ta ja ni, sai da na ajiye shi kusa da na ainihi na ji bambancin kamar rediyo da kaset. In farashi ya faɗi ƙasa da na kowa, juya ka tafi. Na hannu kuma ka duba soso, in ya fara ɓarewa ko ya lotse sautin ya riga ya sauya, ka sa kuɗin sabo a lissafi.

To ga abin da zan yi in ni ne kai. Ka ce hedifon ɗaya. In mawaƙi ya sa shi, kai da me za ka ji? Ɗaki ɗaya kuke, ba damar kunna lasifika ana ɗauka. Zan bar M50x in sayi ƙanensa M40x, milimita 40, ohm 35, bes ɗinsa bai kai na yayan zuzutawa ba, kuma ni a miksin ya fi min shi faɗin gaskiya. Canjin da ya rage ya kusa isa M20x, wannan na mawaƙi ne, in ya faɗi ƙasa zuciyarka ba za ta tsinke ba. Solo ramin hedifon ɗaya gare shi, sai ka nemi 'yar na'urar rabawa irin Behringer HA400 mai rami huɗu, kowa da maɓallin ƙararsa. In kuma yawancin aikinka wa'azi ne da karatu da tallan rediyo, manta da duk wannan ka ɗauki 7506 na ainihi. DT 770 ka bar shi sai kuɗi sun zauna.

Kowanne ka saya, ka yi sati biyu kana jin waƙoƙin da ka sani da shi kafin ka taɓa aikin mutane. In ka gama miksin tura shi wayarka ka ji ta ƙaramar lasifikarta, domin a nan yawancin masu sauraronka za su ji, kuma ita ba ta san bes na ƙasa ba sam. Ni har mai keke nake ba filashi daga Terminus zuwa Farin Gada, in zauna a baya in saurara.

Ba ka faɗi irin makirfon da kake da shi ba, ka gaya min, don in mai kaifi ne shawarar za ta ɗan sauya. Asabar bayan la'asar ina situdiyo, ka yi min magana ta akwatin saƙo in kwatanta maka wurin. Ka taho da Solo ɗinka da filashi, 7506 da DT 770 suna nan, M40x kuma zan aro wurin maƙwabcina.