Tambayoyin masu karatu: ciwon da ke tsargawa daga ƙugu har ƙafa ga mai juna biyu

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Cikina wata bakwai, haihuwa ta uku kenan amma ban taɓa jin irin wannan ba, wani ciwo ne yake tasowa daga ƙuguna ya bi ta mazaunina na dama ya sauka ta bayan cinya har ƙwauri kamar an jona min wayar wuta wlh, in na jima a zaune na zo tashi sai na dafa bango. Surukata tace sanyi ne ko kuma yaron ne ya kwanta min a jijiya. Mai kemis ɗin layinmu ya bani diclofenac na sha kwana uku naji sauƙi, ina dainawa ya dawo. In ci gaba da sha ne? Kuma zai taɓa yaron? Daga wata 'yar uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu, Allah ya raba lafiya. Bari in fara da abinda ya tayar min da hankali a saƙonki: diclofenac ɗin nan ki ajiye shi yau ba sai gobe ba. Shi da ibuprofen da Feldene duk dangi ɗaya ne, kuma tun 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ja kunne cewa daga sati 20 na ciki suna iya taɓa ƙodar jariri har ruwan da yake kwance a ciki ya ragu, in aka kai wajen sati 30 kuma suna iya rufe wata hanyar jini kusa da zuciyarsa tun lokacinta bai yi ba. Kwana uku ba abin da zai hana ki barci bane, amma in kinje awo ki faɗa musu kin sha, kar kiji kunya. Parasitamol shi ake ba mai ciki, shi ma ba kamar gyaɗa ba, yadda aka rubuta miki.

Batun surukarki kuma, ta faɗi rabi. Jijiya ce tabbas, likitoci na kiran ciwon sayatika, jijiyar ita ce mafi tsawo da kauri a jikin mutum, daga ƙasan gadon baya ta fito ta ratsa mazaunai ta bi bayan cinya har tafin ƙafa, shi yasa kike jin abin yana bin layi ɗaya. Amma ba sanyi bane, kuma ba kullum ne yaro ke danne ta ba. Ciki na sa jiki ya saki wani sinadari mai sassauta gaɓoɓin ƙugu don haihuwa tazo da sauƙi, ga nauyi ya rinjaya gaba, baya ya lanƙwashe, naman mazaunai ya ɗaure ya matse jijiyar. Ke ce mai shan wahalar, yaro bai ma san ana yi ba, kuma yawanci in an sauka lafiya yakan tafi a hankali.

Yanzu ki dubi yadda kike wuni. Na san halinmu, shara da gajeriyar tsintsiya a sunkuye, wanki a kan 'yar kujerar tsuguno, ɗauko bokiti cike da hannu ɗaya jiki ya karkace, sannan ga na baya da bai gama barin goyo ba yana kuka sai an saɓa shi a kwankwaso. Waɗannan su ne ke hura wutar. Ki ɗora bahon wankin a kan benci ko tebur, ruwa a raba shi biyu ko a samu mai ɗauka, in zaki ɗauki abu a ƙasa ki durƙusa da gwiwa bayanki a miƙe. Maigida ma a karanta masa wannan wajen, ba lalaci bane.

Wajen kwanciya, ki kwanta a gefen da baya ciwo, wato hagu a wajenki, ki sa filo tsakanin gwiwoyi, rigingine dama ba a so a watannin ƙarshe. Tashi kuma kar ki zabura, ki juya gefe, ki sauke ƙafafu tare, ki dogara da hannu. Tawul da ruwan ɗumi a kan ƙugu ko mazaunin kamar minti 15 yana taimakawa, ɗumi nace ba irin ruwan wankan jego ba, kuma banda kan ciki. Ki ɗan riƙa takawa a tsakar gida, kwanciya wuni guda ƙara ɗaure wurin take. Akwai miƙa ɗaya mai daɗi: ki zauna a kujera, ki ɗora idon sawun ƙafar mai ciwo a kan ɗaya gwiwar, ki ɗan rusuna gaba kaɗan har kiji naman mazaunin ya ja, ki ƙirga 30 ki saki. In ruku'u da sujada na tsarga miki kiyi sallarki a zaune, Annabi (SAW) ya yi wa Imrana bn Husaini wannan rangwamen da yake rashin lafiya. Ƙaho da jiƙe-jiƙen sanyi da ba a san me aka haɗa ba, ki bar su.

Amma in kika ji tsakanin cinyoyinki ya mutu baki jin taɓi, ko fitsari ko bayan gida ya zubo baki sani ba, ko fitsarin ya ƙi fita, ko ƙafar tana ja a ƙasa, ko ƙafa biyun suka kama tare, wannan asibiti ne a take ko da tsakar dare. Haka in ƙwauri ɗaya ya kumbura yayi zafi, ana tsoron gudan jini. Ciwon baya da zazzaɓi na iya zama ƙoda, mai zuwa yana lafawa kuma a wata bakwai na iya zama naƙuda ce tazo da wuri. In ba ko ɗaya cikin waɗannan, ranar awonki ki roƙi a tura ki wajen masu gashin ƙashi na asibitin, su duba ki su koya miki motsin da ya dace da jikinki.