Jarumin labarina soja ne, aure zai iya warkar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta labari ne kan wani soja da ya dawo daga fagen daga, amininsa ya rasu a gabansa. Na tsara zai haɗu da wata yarinya su yi aure, daga nan ya manta komai. Hakan ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Gaskiya bai yi ba, kuma nan ne marubuta da yawa ke yin tuntuɓe. Soyayya tana taimakawa sosai, amma ba ta goge abin da ido ya gani.

Abin da ke damun irin wannan sojan likitoci na kiransa PTSD, wato ciwon damuwa da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa shi a kundinsu na cututtuka bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Vietnam. Mutum zai riƙa mafarkin abin, ƙarar buga ƙofa kawai ta sa ya zabura gumi na keto masa, ya ƙi zama inda bayansa ke kallon ƙofa, ya guje wa duk mai son tayar da zancen, ga kuma tambayar da ke cinsa a rai, me ya sa ni na tsira shi ya tafi? Wannan tambayar ita ce zuciyar labarinki wallahi, kar ki bari bikin aure ya binne ta.

Kuma don Allah kar ki jera masa matakan jimami biyar ɗin nan da ake yawan faɗa (ƙin yarda, fushi, neman mafita, baƙin ciki, sai rungumar ƙaddara) kamar tsani. Elisabeth Kübler-Ross, likitar ƙwaƙwalwar da ta kawo su a 1969 kan majinyata masu jiran ajali ta yi aikinta, ba waɗanda aka yi wa rasuwa ba. Jimami gaba yake yi ya dawo baya, yau ya yi dariya, jibi ya kasa fitowa daga ɗaki.

Ki bar auren in kina so, amma matar ma ta gaji wani lokacin, ta ji tsoron ihunsa cikin dare, su samu saɓani. Sauƙin kuma ki nuna shi a ƙananan abubuwa, ranar da ya yi barci har asuba, ranar da ya yarda ya je ganin likita bayan ya daɗe yana cewa shi lafiyarsa ƙalau, ranar da ya iya zuwa gaida mahaifiyar mamacin ya amsa mata tambayar yadda ɗanta ya cika. Wannan babin na ƙarshe ki ba shi shafuka da yawa, kar ki yi masa gaggawa.