Fatawa: Na kai zagayen ƙarshe a gasar matasa masu sana'a, kyautar ta halatta gare ni?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne a nan Damagaram, sana'ata dukanci. Ina ɗinka jakunkunan mata da na kwamfuta da fatar akuya, ƙanwata ce take zana mini fasalinsu. Na shiga wata gasa ta matasa masu ƙirƙira a sana'a, na biya sefa 5,000 kuɗin rajista, yanzu ina cikin mutum 10 da za su kara a zagayen ƙarshe a Yamai. Wanda ya zo na ɗaya zai samu miliyan 3, rabi kyauta, rabi rance daga bankin da ya ɗauki nauyin gasar. Alƙalai ke da kashi 70 na maki, sauran 30 ƙuri'ar jama'a ce ta saƙon salula, kowane saƙo sefa 100. Mai horar da mu ya ce in ƙara yawan cinikina a takarda, wai kowa haka yake yi. Wani abokina kuma ya ce duk abin caca ne. Malam, in je ko in janye?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Ɗana, ka je. Asalin gasar halal ne, kyautar ma halal ce in ta cika sharaɗin da zan faɗa. Amma cikin abin da ka lissafa akwai wanda haramun ne ƙarara, akwai wanda sai ka bincika kafin ka hau mota.

Abokinka bai yi magana a banza ba. Annabi (SAW) ya ce babu kyautar tsere sai a harbin kibiya ko raƙumi ko doki, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito daga Abu Huraira. A kan haka malaman mazhabarmu ta Malikiyya suka taƙaita tsere mai lada ga waɗannan ukun, suka ce sauran wasanni masu amfani a yi su ba da lada ba. Hanafawa da Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun faɗaɗa, sun shigar da gasar ilimi. Abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne, gasarku ba ta ma shiga wannan babi ba. Ba ku goma ne kuka zuba kuɗi a faifai wanda ya ci ya kwashe ba. Wani ne daga waje ya ɗora wa kansa alkawarin ba da dukiyarsa ga wanda aikinsa ya fi, don ƙarfafa sana'a. Wannan kyauta ce da aka rataya a kan sharaɗi, ta yi kama da jinga, wadda malamai suka kafa mata hujja da ayar suratu Yusuf ta 72: wanda ya zo da ma'aunin sarki yana da kayan raƙumi guda. Kuma ƙa'ida ce sananniya a Malikiyya, Imam Ƙarafi ya bayyana ta, cewa rashin tabbas yana ɓata ciniki amma ba ya ɓata kyauta, domin wanda bai samu ba bai yi asarar komai ba. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Doha a 2003, ta halatta gasa mai kyauta muddin manufarta da hanyarta halal ne, kuma ba daga aljihun dukan 'yan takara kyautar ta fito ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya kawo mu kan jikka biyar ɗinka na rajista. Caca ita ce ka ba da kuɗi kana tsakanin biyu, ko ka ci na wasu ko a ci naka. To tambayar ita ce: ina kuɗin rajistar suka tafi? Ga yadda za ka gane. Nemi adadin waɗanda suka yi rajista, masu gasa sukan faɗe shi da kansu don alfahari. In a ce mutum 300 ne, 300 sau 5,000 ya ba da miliyan ɗaya da rabi, daidai da rabin da aka kira kyauta. In ka ga lissafi ya faɗa haka, kuma babu wani mai ɗaukar nauyi da ya sa kuɗinsa a zahiri, to kuɗin waɗanda suka faɗi ne ake miƙa wa wanda ya ci, ko da an sa masa suna kuɗin takarda. Wannan caca ce, ayar Ma'ida ta 90 ta hau kanta. In kuwa bankin ne ya fitar da kyautar daga asusunsa, kuɗin rajista kuma an kashe su a kan abin da kowa ya amfana, kamar horon da aka ba ku da hayar zaure da buga takardu, kuma ba su wuce ƙimar wannan hidima ba, to ladan hidima ne, babu laifi. Ka tambayi masu shiryawa a rubuce, ka ajiye amsarsu. In sun amsa maka, zahirin maganarsu ya ishe ka, ba a ɗora maka binciken littattafansu ba.

Rancen nan kuwa, kada murna ta rufe maka ido a kansa. Ka karanta takardar, in Faransancinta ya yi maka nauyi ka kai wa wanda ya san doka. Ka nemi abu uku: ko akwai ƙari a kan uwar kuɗi, ko akwai tarar jinkiri da ke hauhawa da kwanaki, ko an ɗaure kyautar da rancen. In an rubuta, misali, kashi 8 cikin ɗari a shekara a kan miliyan ɗaya da rabi, sefa 120,000 ke nan za ka ƙara a shekara, kuma kuɗin ruwa ne, sauƙinsa bai halatta shi ba. Kuɗin buɗe fayil da ake biya sau ɗaya, daidai da ainihin ɗawainiyar aikin, ba ya ƙaruwa da yawan bashi ko tsawon lokaci, wannan dabam ne. In rancen na ruwa ne, ka karɓi kyautar ka bar shi. Kana iya ba su shawara su saya maka keken ɗinkin fata da kansu, ya shiga mallakarsu, sannan su sayar maka a kan farashi sananne kana biya wata-wata, wato murabaha. Ko su zuba jari a raba riba da kaso, kamar 60 da 40, wato ƙiradi. Sai dai in suka ce uwar kuɗinsu lamunce take a kanka ko an yi asara ba da sakacinka ba, ko suka yanka wa kansu adadi tsayayye kowane wata, ƙiradin ya ɓaci, ya koma bashi mai jawo amfani. In suka ce ba a raba kyauta da rance, sai ka haƙura da duka biyun, ka tsira da sunan da ka samu da masu sayen da suka gan ka.

Game da karɓar kyauta daga bankin da ke mu'amala da ruwa, malamanmu sun yi saɓani a kan mai dukiyar da ta cakuɗa. Ibnul Ƙasim ya halatta mu'amala da wanda halal ta rinjayi dukiyarsa, ya karhanta in haram ta rinjaya, Asbag kuwa ya hana. Annabi (SAW) ya rasu sulkensa na jingine a wurin Bayahude, alhali Alƙur'ani ya ba da labarin cin kuɗin ruwa da Yahudawa suke yi. Don haka ban haramta maka ba, wanda ya bari don tsantseni kuma ya kyauta. Abin da na hana ka shi ne ka zama fuskar tallan bashin ruwa, ko giya, ko taba, ko caca, domin wannan taimakekeniya ce a kan saɓo.

Yanzu maganar mai horar da ku, wadda ita ta fi damuna, domin ita ce ta fi kama da ƙaramin abu. Ƙara lamba a takarda algus ne, kuma Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu, Muslim ya ruwaito. Ya kuma ce mai nuna ya ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufa biyu na ƙarya ne. Mai kyauta ya ba da ita ne a kan siffa. Wanda ya karɓa da siffar da ba tasa ba, bai mallake ta ba, wajibi ne ya mayar, kuma ya zalunci wanda ke bayansa a jeri. "Kowa haka yake yi" ba hujja ba ce a wurin Allah.

Matasa da yawa ba da niyya suke faɗa wa ƙarya a nan ba, rashin rarrabewa ne. Ciniki dabam, riba dabam: in ka sayar da jaka 20 a wata a kan sefa 15,000, cinikinka 300,000 ne, amma riba sai ka cire kuɗin fata daga majema, da shafi, da zik, da zare, da ladan yaran shago, da haya, da wuta, da jakunkunan da aka dawo da su don ɗinki ya warware ko fata ta yi wari saboda jima ba ta nuna ba. Abin da aka biya dabam, abin da aka yi maka alkawarin saye dabam. Cinikin watan Salla ba a ninka shi sau 12 a kira shi na shekara. Hasashen gaba halal ne in ka kira shi hasashe ka faɗi abin da ka gina shi a kai. Ka tafi da littafin cinikinka na watanni 6 ko 12 na baya da rasit ɗinsu, duk lambar da ba ta da gindi a cikinsu ka cire ta. Haka samfurin da za ka ajiye gaban alƙalai: in fatar jimar bagaruwa ce, jan kuma na karan dafi, ka faɗa da ƙarfinka, in shafin ciki roba ne ko rinin na kanti ne, kada ka ce duka na gargajiya ne. In wani gwanin baduku ne ya yi maka aikin ado, ka ambace shi. Sayo jaka a Kano a liƙa mata tambarinka a ce ɗinkin Damagaram ce, wannan ba ya buƙatar fatawa.

Faɗin gwanintarka da gaskiya kuwa ba riya ba ce. Annabi Yusuf (AS) ya ce wa sarki: sanya ni a kan taskokin ƙasa, ni mai tsarewa ne, masani. Ka bayyana abin da ka iya ba tare da kushe kayan abokan karawarka ba.

Ƙuri'ar salula tana da fuska biyu. Wanda ya ga aikinka ya yaba, ya aika saƙo da sefa 100, ba ya jiran komai, bai yi caca ba, kuma neman goyon bayan dangi da 'yan unguwa halal ne. Amma in an ce masu aika saƙo za a yi musu ƙuri'a wani ya ci babur ko salula, to su sun shiga caca, kada ka kira mutane zuwa gare ta. Kai kuma kada ka fitar da 100,000 ka raba wa yara su aika maka saƙo 1,000. In dokar gasa ta ce mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, ha'inci ne. In ma ba ta ƙayyade ba, ka zuba kuɗi ne ko su jawo maka miliyoyi ko su tafi a banza, ka shigo da cacar ta taga bayan an kore ta ta ƙofa. Kyauta ga alƙalin gasa kafin sakamako, ko da 'yar jaka ce "don madam", rashawa ce, kuma an la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Samfurin da doka ta ce a miƙa wa kwamiti a fili bai shiga ciki ba.

Sai ƙanwarka, wadda ka ambata a taƙaice alhali haƙƙinta babba ne. In kuna tarayya ne, ita zane kai ɗinki, kuna raba abin da aka samu, to kyautar ta tarayya ce, a raba ta gwargwadon yadda kuke raba riba. In kuwa biyanta kake yi a kan kowane zane, kuɗin naka ne, amma ba ya halatta ka ce kai ka zana. Ku zauna kafin tafiya, gaban mahaifinku ko shaidu biyu, ku rubuta matsayinta da kasonta. Yau da babu kuɗi a hannu maganar mai sauƙi ce. Bayan an kira sunanka a zaure, zumunci ne zai biya kuɗin shirun.

Zanen nan dukiya ne. Majalisar Fiƙihun da na ambata ta tabbatar a zamanta na Kuwait a 1988 cewa sunan kasuwanci da tambari da ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ke karewa. Saboda haka ka duba ko takardar gasar ta ce zanen da aka gabatar ya zama mallakar masu shiryawa. Izinin nuna hoton jakarka a tallan gasa na wani lokaci ƙayyadadde abu ne mai sauƙi. Sallama fasalin gaba ɗaya kuwa ba naka ba ne kai kaɗai, sai da yardarta. In kun sa hannu da sani, ya hau kanku, domin Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda ake rajistar tambari da fasalin kaya, kuma ya fi kyau a fara neman rajistar kafin a baje sabon fasali gaban jama'a. Haka in an ce kyautar ta sayen kayan aiki ce, ba ta halatta a kai ta lefe ko sayen fili.

Zakka ba ta hau kanka ranar karɓa. Kyauta a mazhabarmu sai ta shekara daga ranar da ta shiga hannunka. In a lokacin abin da ya rage, haɗe da sauran kuɗinka da hajar sayarwa, ya kai nisabi, wato ƙimar zinari giram 85, sai ka fitar da kashi 2.5 cikin ɗari. Keken ɗinki da basilla da sauran kayan aiki babu zakka a kansu. Tafiyar Yamai kuma ta wuce tazarar ƙasaru nesa ba kusa ba, ka yi raka'a biyu a hanya, da can ma in ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba.

In ka ci suka yi ta ja maka rai, kana da haƙƙin nema, domin mashahurin zance a Malikiyya shi ne alkawarin da aka rataya a kan dalili, har wanda aka yi wa ya shiga ɗawainiya saboda shi, wajibi ne a cika, kuma alƙali yana tilastawa. Don haka ka ajiye sanarwar gasar da rasit ɗin rajista da duk saƙon da suka aiko maka.

Allah ya sa albarka a sana'arku kai da ƙanwarka. Wallahu a'alam.