Amsar tambayarka kan gasar kifin bas ta ranar Asabar

Salamu alaikum yarona, na ga saƙonka tun jiya da dare sai yanzu na samu zama. Kace ranar da ka fita gwaji a tafkin Guntersville na jihar Alabama a Amurka ka kama manya guda biyu a ƙarshen wani lungu, kana tambaya ko ranar gasa ka zarce can kai tsaye ka kafe har a tashi, sannan wane koto zaka sayo. Toh maganar koto bari mu ajiye ta tukunna, ita ce mafi sauƙi a cikin tambayoyin naka duk da na san ita tafi cin ranka.

Abu na farko da nakeso ya zauna maka a kai, kifin bas a watan Maris matafiyi ne. Duk tsawon sanyi yana can ƙasa a bakin kwarin kogin Tenesi, wanda ya ratsa tafkin, inda ruwa yake da zurfi, da ruwa ya fara ɗumi sai ya taso ya nufi gaɓa domin zuba ƙwai, kuma ba a rana ɗaya yake yin tafiyar ba, yada zango yake yi kamar fatake, yau yana kan wani tsinin ƙasa a bakin rafi, bayan kwana uku ya matsa gefen ciyawa a tsakiyar rafin, wani satin ka same shi can ƙurya a ruwan da bai kai ƙugunka ba. Kifin da ka kama ranar Talata ya gaya maka inda ayarin yake ranar Talata ne kawai. Aikinka ranar Asabar ka gano gaba suka yi ko baya suka koma, kuma abin da zai gaya maka shine zafin ruwa. Lambar nan da ke kusurwar allon na'urar jirgi wadda kullum nake ce maka ka kalla kana mantawa, ita ce malamarka. In tana tsakanin digiri 48 zuwa 55 a ma'aunin Faranhait, wato wajen 9 zuwa 13 a Salshiyos, suna zangon farko, ka neme su a ƙafa 6 zuwa 12. In ta haura 55 sun fara hawowa kan fili. Daga 60 zuwa 65 kuwa an fara share gurbin zuba ƙwai, musamman in ya zo daidai da cikar wata, a nan ne zaka ga kamar daga sama aka zubo su a gaɓa.

Shi yasa nakeso daga yau ka riƙa duba hasashen yanayi safe da yamma. In aka jera kwana uku ana rana, dare ma babu sanyi sosai, toh kifayenka sun wuce inda ka barsu, ka shiga ciki ka bi su. In kuwa iskar arewa ta taso daren Alhamis ko Juma'a, gari ya waye garau babu gajimare ko ɗaya, ruwa ya sauka da digiri huɗu ko biyar, kada ka ɓata safiyarka a ƙuryar lungun nan wallahi, sun ja baya, amma ba nisa suke yi ba, wurin farko da ƙasa ta gangara zuwa zurfi a bayan inda ka kama su, nan suke maƙalewa a jikin kututture ko cikin ciyawa, bakinsu a rufe, sai ka sassauta hannu sosai ka kai musu koto har gaban hanci. Yara da yawa suna zuwa inda suka ci jiya, su yi jifa awa biyu babu komai, su ce kifi ya gudu su tada inji su tafi mil goma, alhali kifin yana ƙarƙashin jirginsu, a ruwan da suka tsaya a kai suna jifan gaɓa.

Wani abu kuma, nan gaba in kana gwaji ana saura kwana biyu uku gasa, ka daina soka musu ƙugiya. Kama ɗaya ka ga girmansu ya isa, sauran ka lanƙwasa bakin ƙugiyar ko ka rufe shi da ɗan roba, in ya ɗauka ka ji nauyinsa ka girgiza ya saki. Babbar mace da ta sha ƙarfe ranar Laraba ba lallai ta sake buɗe baki ranar Asabar ba.

Guntersville babban ruwa ne, eka kusan 69,000, dam ɗin TVA ne, hukumar da ke kula da kogin Tenesi, shi ya tare kogin tun 1939, ba zaka iya zagaye shi a yini ɗaya ba kuma babu wanda ya ce ka gwada. Zaɓi rafi biyu kusa da juna ka san su ciki da waje. Lungunan da ke gefen arewa suna fuskantar kudu sun fi saurin ɗumi saboda rana tafi daɗewa a kansu kuma iskar arewa bata dukansu, ruwa mai ɗan gurɓata ya fi garau saurin ɗaukar zafi, duwatsun da aka jibge a gindin gadoji su ma suna riƙe zafin rana, ga gadar tana matse ruwa ta zama ƙofa, duk kifin da zai shiga rafin dole ta nan zai bi. Kasan babbar gasar kamun bas ta shekara-shekara, Bassmaster Classic, ta watan Fabrairun 2014 a wannan tafkin aka yi ta. Randy Howell ya shiga ranar ƙarshe yana na 11, yana kan hanyar zuwa wurin da ya tsara sai ya sauya shawara ya juya zuwa gadar Spring Creek, a jikin duwatsun nan ya haɗa kifi biyar masu nauyin fam 29 da oza 2, ya ɗauke kofin da jimillar fam 67 da oza 8. Mutumin da ya shekara yana shirin wannan ranar bai ji nauyin ajiye tsarinsa ba da yaga safiyar ta zo da wani abu daban, kai da ka kama kifi biyu kana neman ka ɗaura aure da lungu ɗaya.

Yanzu lissafin gasa. Kifi biyar ake aunawa, kuma a Guntersville duk wanda bai kai inci 15 ba doka bata yarda ka riƙe shi ba, ka auna shi a kan allon awo baki a rufe, in kana shakka mayar dashi ruwa. Mazan bas ƙanana ne, fam biyu fam biyu da rabi, su ne suke fara hawa gaɓa kuma su ne masu saurin cizo, zaka iya cika biyar dasu kafin ƙarfe tara ka ji kamar ka gama, amma fam 11 ne a hannunka, a tafkin da sau da yawa a wannan lokacin sai mutum ya haura fam 20 kafin a kira sunansa. Matan su ne masu nauyi, ciki cike da ƙwai, kuma yawanci suna ɗan baya da mazan, a zurfin da ya fi da ƙafa biyu uku. Ni shawarata tunda wannan ce ta farkonka, cika biyar ɗinka da wuri hankalinka ya kwanta, hannunka ya daina rawa, sannan ka juya wa gaɓa baya ka nemi matan. Kada ka karaya in safiya tayi shiru, a farkon Maris cizo mai kyau yakan zo ne daga sha biyu zuwa biyu bayan rana ta gasa ruwan, lokacin da rabin mutane sun riga sun saduda suna cin burodi.

In ruwan ya kai digiri 60 ka sa tabarau ɗin nan mai kashe ƙyallin ruwa, ka rage ƙarfin ɗan injin batir na gaba, rana a bayanka amma kada inuwarka ta faɗa kan wurin. Zaka hango wani fili zagaye mai haske a ƙasa, an share laka tsakuwa ta fito, namijin ne ya share da wutsiyarsa, wani lokacin har zaka ga ƙasan wutsiyar ta yi ja ta goge. Yana tsaye a kai. In ka matso ya gudu ya daɗe bai dawo ba, wuce, bai shirya ba. In ya ɗan zagaya ya dawo nan take ya juyo yana kallon kotonka, fukafukansa na motsi, ya sunkuyar da kai wutsiya sama, toh wannan zai ɗauka, ba yunwa ce take sa shi ba, so yake ya fitar da abin daga gidansa, zai tsotsa ya matsa gefe ya tofar cikin ƙiftawar ido, shi yasa ake sa farin koto a nan don ka ga lokacin da ya ɓace. Ka duba gefe cikin duhun ciyawa, sau da yawa macen tana nan tana jira. Amma dan Allah in namiji ne wanda ba zai ƙara maka komai a sikeli ba, sake shi a wurin nan take, domin da ka ɗauke shi ƙananan kifaye suke afkawa ƙwan su cinye, wannan ƙwan kuwa shine abincinmu ni da kai nan da shekara biyar.

Toh ga maganar koto. Kada ka je shago ka zubar da albashinka. A gasa koton roba da ƙarfe kawai aka yarda dashi, babu mai rai. Sanda huɗu sun ishe ka. Ɗaya da jan kirankbet, wato koto mai siffar ƙaramin kifi, mara leɓe mai ƙara a ciki, nauyin rabin oza, ja saboda a wannan lokacin jatan landen ruwa suke ci, ka riƙa ja yana taɓa saman ciyawa, in ya maƙale ka fizge da ƙarfi, daidai fizgewar nan suke kai masa duka. Ɗaya da chatabet, koto mai ɗan faifan ƙarfe a gaba da ke karkarwa in ana ja, don gefen ciyawa. Ɗaya da jig, ƙugiya mai kan dalma da gezar roba, baƙi da shuɗi don kututture da ranar da sanyi ya dawo. Ta ƙarshe tsutsar roba mara dalma don ruwan gaɓa. Duk suna cikin akwatina ka zo ka ɗauka. Abin da zaka saya da kuɗinka sabon zare ne da ƙugiyoyi masu kaifi, kuma bayan kowane babban kifi ka shafa zaren da yatsa, in kaji kaushi yanke ka sake ƙulli, minti ɗaya ne.

Abin da ya fi damuna kuma wanda baka tambaya ba shine tankin kifi, akwatin ruwan cikin jirgi da ake ajiye kamu da ransa. A farkon gasannin nan matattu ake kawowa a zube a sikeli, Ray Scott wanda ya shirya gasarsa ta farko a tafkin Beaver na Arkansas a 1967 ya kuma kafa ƙungiyar masu kamun bas ta B.A.S.S. a 1968, shi ya kawo tsarin a dawo da kifi da rai a sake shi a 1972, ba don haka ba da tuni tafkunan nan sun ƙare. A dokarsu kowane mataccen kifi ana cire maka oza 4, kuma baka da ikon jefar da matacce ka musanya da mai rai, ya zama naka kenan ko ƙarami ne. Ƙungiyarku ka karanta takardarsu da kyau don kowa da ɗan bambancinsa. Cika tankin tun da safe a tsakiyar tafki inda ruwa yake da tsabta, famfo ya kasance yana aiki, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa kifi, kada ka barshi yana birgima a kan kafet ɗin jirgi santsin jikinsa ya goge, babba kuma ka tallafi cikinsa da ɗaya hannun kada ka rataye shi da muƙamuƙi kawai. In ya haɗiye ƙugiya can ciki yanke zaren ka barta, kada ka tsaya tono. Duk rabin awa ɗaga murfin ka leƙa. Halitta ce ta Allah ka tsare ta a akwati yini guda saboda wasanka, haƙƙinta yana wuyanka.

Sai lokaci. A tsarin B.A.S.S. kowane minti ɗaya na latti fam ɗaya ne, in ka wuce minti 15 kamun ranar gaba ɗaya ya tafi. Ka lissafa tafiyar dawowa ka ƙara minti 20 a kai, saboda in iska ta taso a kan babban ruwan da rana igiyar ruwa bata barin ka gudu. Rigar kariya daga nutsewa a jikinka, igiyar kashe inji a maƙale da ita duk lokacin da babban inji yake aiki, kuma ka bi tsakanin alamomin hanya, Guntersville a waje da su kututture ne da tudu a ɓoye ƙarƙashin ruwa ƙafa biyu. In ka iske wani a wurin da ka so, yi masa sallama ka bashi tazara ka wuce, kada ka gitta gabansa. Wanda aka haɗa ku a bayan jirgi ka riƙa juya jirgin yadda shima zai samu wurin jifa.

Ka zo gida ranar Juma'a bayan la'asar mu sa batura a caji, mu gwada famfon tankin da fitilun tirela, ka taho da lasisinka da takardar dokokin gasar in gani. Ka rubuto min zafin ruwan da ka gani ranar gwaji da zurfin da manyan nan biyu suka ci, da shi zamu zauna kan taswira mu fitar da inda zaka fara da inda zaka koma in iskar ta juya. Allah ya bada sa'a.